Zaren fatsa da ya daɗe a ajiye: zai yi aiki ko a sayi sabo?

Abban Sadiq (Unguwar Rimi):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya ga masana harkar su. Yayana da aiki ya mayar da shi Legas ya bar mini kayan fatsarsa a kwali, sun kai shekara 4 a ajiye ba wanda ya taɓa. Zare iri uku ne a ciki. Akwai kwarkwaro biyu na farin zaren roba wanda muka saba da shi, ɗaya a ledarsa ko buɗewa ba a yi ba, ɗayan kuma an ɗan ɗiba. Akwai wani ƙarami mai tauri na wani nau'in roba daban da ake kira filorokabon, sai kuma wani kore mai kama da kitso, shi yana naɗe a jikin injin sandar. Yanzu ruwa ya fara ja baya, ina so in riƙa sauka bakin kogi ranar Asabar ni da yarana. Zaren nan zai yi, ko in haƙura in sayi sabo? Na juya su gaba da baya ban ga inda aka rubuta ranar lalacewa ba.

Ɗan Rigasa:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai roba ce fa, ba madara ba. Roba ba ta ruɓewa. Ɗaura ƙugiyarka ka tafi kogi. Maganar wai zare yana tsufa 'yan kasuwa ne suka ƙirƙiro don a yi ta saye.

Mai Shagon Kayan Su:
Haba ƙanena, daga buɗe magana sai ka ɗora mana laifi? Ni da nake sayarwa ni ne zan fara gaya wa Abban Sadiq kada ya sayi komai tukuna. Abban Sadiq, kafin kowa ya ba ka amsa sai ka gaya mana inda kwalin ya zauna shekarun nan. Ɗaki ne, sito ne, ko gareji? Rana tana samunsa? Amsar tana nan.

Abban Sadiq (Unguwar Rimi):
Kwalin yana sito ne a bayan gida, mai rufin kwano, babu silin. A kan wata kanta yake kusa da taga. Bakin kwalin a buɗe yake, wanda aka ɗiba ɗin shi ne a sama, na ledar yana can ƙasa ƙarƙashin tsummoki.

Mai Shagon Kayan Su:
To ka ji. Na saman nan ina shakkarsa ƙwarai. Na ƙasan yana iya yiwuwa lafiyarsa lau. Koren da filorokabon ɗin ban damu da su sosai ba. Malamin Kimiyya yana nan? Zo ka yi masa bayani, ka fi ni iya tsara magana.

Malamin Kimiyya (Tudun Wada):
Ina nan Alhaji. Ɗan Rigasa yana da rabin gaskiya, ɗaya rabin kuma shi ne ke sa mutum ya rasa babban kifi a bakin gaɓa. Gaskiya ne nailan ba ya ruɓewa kamar auduga, ƙwayoyin cuta ba sa cinsa cikin sauƙi. Amma rashin ruɓewa daban, riƙe ƙarfi daban.

Farin zaren da muke kira na roba nailan ne mai sili ɗaya. Kamfanin DuPont na Amurka ne ya ƙirƙiro nailan a 1935, kuma tun 1939 aka fara sayar da shi a matsayin zaren kamun kifi. In za a duba cikinsa, wasu dogayen sarƙoƙi ne ƙanana da ido ba ya gani, an ja su sun miƙe sun jeru gefe da gefe. Tsawonsu da jeruwarsu shi ne ƙarfin zaren. Babban abokin gabarsu wani sashe ne na hasken rana da ake kira UV. Shi ne ke datse sarƙoƙin nan guntu-guntu, a hankali, daga fatar zaren zuwa ciki. Ku tuna kujerar roba da aka bari a tsakar gida damina da rani: launinta ya koɗe, ta yi fari-fari, in ka shafa sai gari ya biyo hannunka, ran da aka zauna sai ƙafarta ta ɓalle. Abin da ke samun zare ke nan, sai dai shi siriri ne, ɓarnar ba ta da nisan tafiya kafin ta kai tsakiyarsa.

Na biyu zafi. Zafi yana hanzarta wannan lalacewar, kuma yana sa zaren ya riƙe siffar kwarkwaron da yake kai, in ka warware sai ya yi ta nannaɗewa ya ƙi miƙewa. A Kaduna watan Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 35 a inuwa, to ina ga ƙarƙashin kwano marar silin, ko bayan mota da aka ajiye a rana?

Masu wannan harka a ƙasashen waje sukan yi kiyasin cewa nailan yana yin shekara 2 zuwa 3 a ajiye, filorokabon 7 zuwa 8 ko fiye, zaren kitso kuma yana kai wa 10. Kiyasi ne kawai, kuma na mutanen da gidajensu ke da sanyi ne. Ni ban yarda a ɗauke shi a matsayin doka a nan ba, ko ta wane ɓangare. Zaren da ya yi wata 6 a bakin taga zai iya mutuwa murus, wanda ya yi shekara 6 a cikin akwati ƙarƙashin gado kuma ya fito da ƙarfinsa.

Ɗan Rigasa:
Malam na ji bayani, amma ni zaren da ke jikin gorata ya fi shekara uku kuma har jiya na kama karfasa da shi.

Malamin Kimiyya (Tudun Wada):
Karfasar ta kai kilo nawa?

Ɗan Rigasa:
Irin masu faɗin tafin hannu ne.

Malamin Kimiyya (Tudun Wada):
To ai ba ta tambayi zaren komai ba. Zaren da aka yi shi don ya ɗauki kilo 9, ko ya rasa kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa zai fito da karfasa irin wannan ba tare da ka lura ba. Ran da babban kifi irin ragon ruwa ko ramboshi ya ɗauki koton ya nufi ƙarƙashin dutse, ran nan za ka san abin da ya rage a zaren.

Baba Masunci (Kabala):
Salamu alaikum. Ɗansa ne ke rubutawa, Baba yana faɗa ina bugawa.

Ya ce a gaya wa mai tambaya, su da suka gaji su ba sa ƙirga wa zare shekara, hannu da ido suke sa masa. Ya ce ka warware kamar kamu biyu, ka ja shi tsakanin babban yatsa da manuni a hankali, ido a rufe ma ya fi. Lafiyayyen zare santsi gare shi tun daga farko har ƙarshe. In ka ji kaushi, ko wani ɗan tudu, ko inda ya fi wani wuri siranta, wurin ya mutu. Sannan ka duba yatsunka, in ka ga farin gari kamar alli, rana ta gama da shi. Ka ɗaga shi ka duba ta haske: sabo yana sheƙi kamar ruwa, wanda ya gaji kuma ya yi dishi-dishi.

Ya ce bayan nan ka yi masa ƙulli ɗaya, irin na kowa da kowa, ka naɗe bakin biyu a jikin itace, ka fizga. Zare mai rai zai ɗan miƙe tukuna, ka ji yana gardama, kafin ya tsinke. Matacce kuwa ɗas zai yi tun ba ka sa ƙarfi ba. Ya ce kada ka naɗe a yatsa, zai yanka ka har ƙashi.

Ya ce zamanin iyayensu da zaren auduga da na rama ake aiki, shi wannan ruwa ne ke kashe shi, in ka naɗe shi da danshi kwana kaɗan ya ruɓe, don haka kullum a cikin shanya ake. Da zaren roba ya zo sai mutane suka ci gaba da shanya shi a rana kamar na da, ba su san shi ranar ce ajalinsa ba. Ya ce har gobe yana ganin yara suna baza kalli, wato ragar kamun kifi, a kan duwatsun kogi tun hantsi har la'asar, sannan su zo suna cewa kayan yanzu ba su da ƙarko.

Abban Sadiq (Unguwar Rimi):
Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. A gaishe shi da kyau. Zan gwada yadda ya ce in na koma gida.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa (Kakuri):
Ina so in ƙara abu guda da ban ji an ambata ba, kuma a ganina mu nan Arewa ya fi shafarmu: hunturu.

Na yi shekaru a sashen kaɗi a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, lokacin da unguwar nan ke cike da ma'aikata dare da rana. Tun da aka buɗe masaƙar farko ta Kaduna a 1957, babu masaƙar da za ta yi aiki a garin nan ba tare da injin sa wa iska danshi ba. In iska ta bushe zare sai ya yi ta tsinkewa a kan inji. Nailan ma yana shan ruwa daga iska, kuma ɗan ruwan da ke cikinsa shi ke ba shi laushi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da leɓe ke tsagewa, zaren da ke ajiye shi ma yana bushewa ya yi tauri. In ka ɗauko shi a wannan hali ka yi gwajin da Baba ya faɗa, zai iya karyewa a ƙulli ka ce ya mutu, alhali ƙishirwa ce kawai ke damunsa.

Shawarata, kafin ka yanke masa hukunci, jefa kwarkwaron gaba ɗaya cikin roba da ruwa mai ɗumi-ɗumi, wanda hannu zai iya zama a ciki, ka bar shi ya kwana. Da safe ka sake gwadawa. Kada a sa tafasasshe.

Malamin Kimiyya (Tudun Wada):
Wannan magana ta Kawu haka take. Nailan in ya jiƙu sosai yana iya shan ruwa kusan kashi 8 zuwa 9 cikin 100 na nauyinsa, kuma ruwan yana shiga tsakanin sarƙoƙin nan ya sa su motsa cikin sauƙi. Shi ya sa zaren da ke nannaɗewa yake miƙewa bayan ya ɗan jima a kogi. Sai dai a rarrabe abu biyu. Bushewa tana warkewa da jiƙo. Ɓarnar rana ba ta warkewa, sarƙar da ta datse ta datse ke nan, ko wata guda ya yi a ruwa. Don haka jiƙon yana da amfani biyu: yana gyara wanda bushewa ce matsalarsa, kuma yana tona asirin wanda ya mutu da gaske.

Wani abin kuma, jiƙaƙƙen nailan ya fi busasshe laushi amma ƙarfin ɗaukarsa yana ɗan raguwa, kamar kashi 10 zuwa 15 cikin 100. Tun da a ruwa za a yi aiki da shi, gwajin da aka yi masa a jiƙe shi ne na gaskiya.

Maman Hanifa (Barnawa):
Ni ba masunciya ba ce, maigidana ne ya sa ni a zauren nan saboda ina sayen kifi ina yin banda. Amma ina aikin duwatsun ado, sarƙa da jaka, kuma da irin wannan farin zaren muke shiryawa. Abin da Kawu ya faɗa mun san shi. Lokacin sanyi zaren yana yin tauri yana wahalar ƙullawa. Kuma jakar da aka rataye a gaban shago don talla, in ta daɗe, rana ɗaya za ka ɗauka duwatsun su watse a ƙasa, alhali 'yar'uwarta da aka yi su tare tana cikin kwaba ba abin da ya same ta. Ni dai zarena a gwangwanin madara nake sa shi in rufe, saboda ɓera ma yana gaigayarsa.

Mai Shagon Kayan Su:
Hajiya kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ɓera ya fi rana yi mini ɓarna a shago. Kuma ɓarnarsa ta fi muni, don yakan ɗan gatsa gefen kwarkwaro ne kawai, sai ya zama duk zagaye ɗaya akwai rauni a wuri guda. Ka warware mita 50 duk a banza.

Ɗan Rigasa:
To na ji na nailan. Koren fa da ɗayan? Su ma rana tana cinsu?

Malamin Kimiyya (Tudun Wada):
Filorokabon wani abu ne daban. Kamfanin Kureha na Japan ne ya fara fitar da shi a matsayin zaren kamun kifi a 1971, da sunan Seaguar. Kusan ba ya shan ruwa ko kaɗan, don haka hunturu da damina duk ɗaya ne a wurinsa, kuma hasken rana ba ya yi masa illa irin ta nailan. Ya fi nailan nauyi, shi ya sa yake nutsewa da sauri. Aibinsa tauri. In ya daɗe a ƙaramin kwarkwaro yana riƙe lanƙwasa, kuma jiƙo ba ya taimakonsa tun da ba ya shan ruwan. Sai dai ka warware abin da kake buƙata ka ja shi a hankali ya miƙe. In ya taɓa lanƙwashewa sosai har wurin ya yi fari, yanke wurin. Shekara 4 a cikin kwali ba komai ba ne a wurinsa.

Koren kuwa siraran zaruruwa ne da yawa aka kitsa, irin waɗanda ake sayarwa da sunan Dyneema ko Spectra. Shi ma ba ya shan ruwa, ba ya riƙe lanƙwasa, kuma a ajiye yana daɗewa ƙwarai. Launin da ke jikinsa shafe ne a sama, yana koɗewa da wuri, amma koɗewar launi kaɗai ba ta nufin ya mutu. Abin dubawa shi ne gashi-gashi. In ka ga ya yi burtsi-burtsi, wasu zaruruwan sun tsinke. Rauninsa biyu ne: gogar dutse, da zafi mai tsanani, don yana narkewa a wajen digiri 150, nailan kuma sai ya haura 200. Kada a ajiye shi kusa da salansar janareta ko murhu.

Baba Masunci (Kabala):
Baba ya ce a ƙara da cewa kogin Kaduna kogin dutse ne. In rani ya yi, daga wajen Gamji ka gangara za ka ga duwatsu sun fito fili ko'ina, kuma waɗanda ke ƙarƙashin ruwa sun fi na sama yawa. Ya ce zaren kitson nan yaransa sun kawo masa ya gani, yana da ƙarfin ja amma dutse yana yanka shi da wuri. Wanda zai yi aiki da shi a nan ya ɗaura masa kamu ɗaya ko biyu na zare mai kauri a gaba, wajen ƙugiya. Ya ce kuma kada a ɗora wa tsufan zare laifin kifin nan tsage. Tsage haƙora gare shi, ko yau aka fito da zaren daga kamfani zai datse shi, sai an sa waya.

Abban Sadiq (Unguwar Rimi):
Jama'a ga sakamako. Na jiƙa fararen biyu suka kwana. Na saman, wanda aka ɗiba, tun kafin jiƙon ya bar mini fari a yatsa, bayan jiƙon ma ƙulli ɗaya na yi masa ya tsinke kamar ba komai. Na ledar kuwa yana sheƙi, da na fizga sai da ya miƙe sosai kafin ya tsinke. An rubuta laba 20 a jikin kowannensu, wato nauyin da zaren zai iya ɗauka. Koren ya koɗe a sama kuma farkonsa ya yi gashi. To na saman nan in jefar da shi gaba ɗaya?

Mai Shagon Kayan Su:
Dakata tukuna. Rana ba ta ratsa kwarkwaro har ciki, zagayen sama ne ke shan wahala. Warware kamar mita 15 zuwa 20 ka yanke, ka sake gwada na ƙarƙashin. In ya yi, ka ci riba. In har ka yi nisa yana nan yadda yake, to zafin kwanon ya gama da shi duka. Ko a hakan ma yana da amfani: a naɗa shi a ƙasan injin a matsayin ciko, a ɗora mai kyau a sama.

Koren kuma dabara ce mai sauƙi. Yanke inda ya yi gashi. Sauran ka juya shi: ka naɗe shi a jikin wata kwalba, daga ita ka mayar kan wata, sannan ka mayar kan injin. Ƙarshen da ke can ƙasa wanda bai taɓa ganin ruwa ko rana ba sai ya dawo sama. Sabon zare ke nan ba ka kashe ko kwabo ba.

Malamin Kimiyya (Tudun Wada):
In kana son ka san ƙarfin na ledar da lissafi, ba da jin hannu kawai ba, ga hanya. Laba 20 kusan kilo 9 ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Samu bokiti, ka ɗaura zaren a hannun bokitin da irin ƙullin da kake ɗaura ƙugiya, ɗaya bakin ka naɗe shi sau da yawa a jikin taɓarya ko sanda mai santsi. Mutum biyu su riƙe sandar, bokitin ya ɗan tashi daga ƙasa kaɗan, kai kuma kana zuba ruwa da gorar lita ɗaya a hankali kana ƙirgawa. Kada ka sa ran zai kai 9 cif, don ƙulli yana rage ƙarfi, ƙulli marar kyau ma yana iya cinye kusan rabi. Ni a nawa ganin, in ya ɗauki lita 6 zuwa 7 a jiƙe da ƙulli, ka tafi kogi da shi hankali kwance. In ya tsinke a 3, na karfasa ne kawai. A yi gwajin sau biyu ko uku a wurare daban-daban na zaren, a cire ƙugiya da dalma, kuma yara su matsa, don in ya tsinke yana iya dawowa ido.

Kuma duk ƙullin da za a ɗaure, a jiƙa shi da ruwa ko yawu kafin a ja. In aka ja shi a bushe, gogar tana haifar da zafi a daidai wurin, ta raunana shi. Zare da yawa da ake zargi da tsufa, a wurin ɗauri aka kashe su.

Ɗan Rigasa:
Wannan gwajin bokitin ya yi mini. Zan yi wa nawa. Amma Malam, an ce fetur ma yana cin zare, ni kuma a ƙarƙashin kujerar babur nake sa nawa.

Malamin Kimiyya (Tudun Wada):
Nailan yana jure fetur da man inji fiye da yadda ake zato. Abin da ke cinsa da gaske ruwan batir ne, da ruwan bilicin na wanki. Ɗigo kaɗan na ruwan batir ya isa. Matsalar ƙarƙashin kujerar babur ita ce zafin inji da na rana, ga batir a kusa, ga kuma warin fetur da zai bi zaren da koto. Fitar da shi daga nan ƙanena.

Maman Hanifa (Barnawa):
Alhaji mai shago, ina da ƙorafi a kanku 'yan kasuwa, kuma ba da kai nake ba. Na taɓa sayen sabon kwarkwaro a wani shago, a ledarsa, na zo gida yana ta karyewa a hannuna. Da na koma sai mai shagon ya ce ai ba a buɗe ba, ba ruwansa. To ashe sabo ma yana iya zama tsoho?

Mai Shagon Kayan Su:
Ƙwarai kuwa Hajiya, kuma kin yi daidai da kika faɗa. Ranar da kika saya ba ita ce ranar da aka yi shi ba. Kayan nan daga waje suke zuwa, su yi watanni a jirgin ruwa da sito, su zo Legas ko Onica ko Kano, kafin su iso mana Kaduna. Sannan wani ya rataye su a ƙofar shago suna shan rana don masu wucewa su gani. Farar leda ba ta tare rana. Yawanci kuma ba a buga ranar da aka yi su a jiki.

Ga abin da nake gaya wa masu saye, ko a Kasuwar Gumi ne ko a ina. Dubi takardar da ke manne a jikin kwarkwaron. In launinta ya koɗe, ja ya koma ruwan hoda, to abin da ya koɗar da takardar ya taɓa zaren. Ce a ɗauko miki daga cikin kwali. Kuma ki roƙi a bar ki ki warware ɗan kaɗan ki ƙulla ki ja a gabansa. Mai kaya mai kyau ba zai hana ba. Sannan kada a sayi babban kwarkwaro don araha in an san ba za a cinye shi cikin shekara ɗaya ko biyu ba, sai dai in za a raba da abokai.

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa (Kakuri):
Wurin ajiya kuma ba sai an wahala ba. Baƙar leda, a ɗaure, a sa cikin gwangwani mai murfi kamar yadda Hajiya ke yi, a tura ƙarƙashin gado ko ƙasan kwaba a ɗakin da ake kwana. Ɗakin da mutum ke iya barci a cikinsa da rana, zare ma zai zauna lafiya. A rubuta wata da shekarar da aka saya a jikin kwarkwaron da biro, don gaba kada a yi ta kintace.

Shugaban Zaure:
Muhawara ta yi amfani, Allah ya saka wa kowa. Ina roƙon abu ɗaya tun da an yi maganar yankewa da zubarwa. Don Allah kada a bar mataccen zare a bakin kogi. Ƙarfin kama kifi ne ya ƙare masa, amma yana da sauran ƙarfin da zai naɗe ƙafar tsuntsu ko akuya har ta ruɓe, ko ya harɗe yaron da ke wanka. Ruwan nan kuma ba a Kaduna ya tsaya ba, yana gangarawa Shiroro da Zungeru har ya haɗu da Neja, duk akwai masu nema a cikinsa. A dunƙule shi, a daddatsa shi gajeru da almakashi, a zo da shi gida a sa a shara.

Ɗan Rigasa:
In sha Allahu. Tambaya ta ƙarshe ga Baba. Ina da mamari, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi da yawa, da na naɗe tun bara da ƙugiyoyinsa a jiki, yanzu duk sun yi tsatsa har ta ɓata zaren. Shi ma a jiƙa?

Baba Masunci (Kabala):
Baba ya ce jiƙo ba zai yi masa komai ba, ƙara tsatsar ma zai yi. Ya ce uwar igiyar, in zaren lilo ne mai kauri kuma a inuwa ya zauna, wataƙila tana nan da ƙarfinta, ka ɗaura bakinta a bishiya ka ja da jikinka ka ji. Amma 'ya'yan da ƙugiyoyin ke jiki ka yanke su duka ka sake sababbi, don tsatsa tana da kaushi, ta riga ta ci zaren a daidai ƙullin, nan ne kuma kifi ke ja. Ya ce in ka gama aikin bana, ka wanke shi da ruwa mai kyau, ka shanya a inuwa inda iska ke bi har ya bushe sarai, ka soke ƙugiyoyin a jikin ɓargon kara ko soso ɗaya bayan ɗaya, kada su kwanta a kan zaren. Ya ce in ɗaurin 'ya'yan ya gagare ka, ka zo da shi Kabala da yamma bayan la'asar ya nuna maka.